Hukuncin Ƙofar da ke Kulle Kanta

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin motocin nan na zamani a Daura, ko Katsina ya nufa ta Mashi, ko Kano ta Kazaure, ko kuwa Damagaram ta Kwangwalam, tun bai bar unguwar da ya taso ba zai ji wani ɗan sauti, ƙwas, wanda ba direba ya yi shi ba, ba kuwa ɗaya daga cikin fasinja ba. Ƙofofin ne huɗu suka datse kansu lokaci guda, domin maƙeransu sun tsara su a kan cewa da zarar gudu ya kai kamar kilomita 15 ko 20 cikin sa'a, ko da zarar an ɗaga giya daga inda mota ke tsaye, to, su kulle. Mutane sun saba da wannan sauti har kunne ya daina kama shi. Amma ni ina ganin akwai mas'ala a cikinsa wadda ta cancanci a zauna mata, domin kakanninmu ba su san ƙofar da ke rufe mutum ba tare da wani ya yi nufin rufe shi ba, alhali kuwa shari'ar da muke bi ba ta yarda akwai aikin da ba shi da mai shi ba.

A zamanin da Daura ke cikin ganuwa, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, akan rufe ƙofofin gari in dare ya yi, a buɗe su da asuba, kowace ƙofa kuwa da mai tsaronta, mutum mai suna da gida da iyali, wanda in falke ya yi dare zai iya kiransa daga waje ya faɗi ko shi wane ne, in kuma mace ta zo daga ciki da larura zai iya duba halinta ya zare sakata, in ya yi zalunci ko sakaci kuwa akwai fada, akwai alƙali, a kira shi ya amsa. Haka maigida yake da ƙyauren zaurensa. Har motoci suka zo al'amarin bai sauya ba: a cikin Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975, kowace ƙofa da ɗan maɓallinta, mai zama kusa da ita ya danna in ya so, ya ɗaga in ya so. Ko motocin haya da hannun ƙofarsu ya daɗe da ɓallewa, waɗanda sai fasinja ya zura hannu ta taga ya buɗe daga waje, ko ya jira yaron mota ya zagayo, kowa yana ganin aibin da idonsa, kuma ya san wanda zai zarga.

Kafin a shiga hukunci ya kamata a san surar abin, gama malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Abin da ke riƙe ƙofar mota kada ta wage shi ne wani haƙorin ƙarfe da ke cafke ƙugiya a jikin motar, kuma wannan haƙori yana cafkewa ne duk lokacin da aka rufe ƙofa, an kulle ko ba a kulle ba. Kullewa kuwa aikinta ɗaya, watau ta raba hannun ƙofa da wannan haƙori, yadda in an ja hannun zai taho wayam bai janye kome ba. To, ƙofa hannu biyu gare ta, na waje da na ciki, don haka kullen ya kasu uku. Akwai wanda ke kashe hannun waje, shi ne wanda motar ke yi da kanta in ta ɗauki gudu. Akwai wanda ke kashe hannun ciki kaɗai, shi ne kullen yara, ɗan harshe ne a gefen ƙofar baya wanda ba a ganinsa sai an buɗe ta. Akwai kuma na uku, wanda ake samu a motocin Turai da yawa, irin su Volkswagen da Peugeot, mai kashe hannuwan duka biyu in an kulle daga waje da rimot, domin ko ɓarawo ya fasa gilashi ya zura hannu kada ya iya buɗewa. Littattafan motocin da kansu suna gargaɗi kada a yi wannan kulle alhali da mutum a ciki.

Ko a kulle na farko ɗin ma maƙera ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. A wasu motoci, in na ciki ya ja hannu sau ɗaya ƙofa ta buɗe ko da tana kulle. A wasu na Jamus, irin su BMW, jan farko ya warware kulle, na biyu ya buɗe. A motocin Toyota da dama ƙofar direba ce ke amsa jan hannu, na baya kuwa sai ya fara laluba maɓalli ya ture shi. Da yake yawancin motocin da ke yawo tsakanin Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure 'yan Kwatano ne, waɗanda suka yi rabin rayuwarsu a Beljiyam ko Jamus ko Amurka, suka iso ba littafi, ko da littafi cikin harshen da mai motar ba ya ji, sai ka tarar da motoci biyar a jere ƙofar masallacin Juma'a, kowace da tata ɗabi'ar, masu su kuwa ba lalle ne ɗaya ya iya gaya maka abin da ƙofarsa ta baya za ta yi in yaro ya ja hannunta ba.

Ba na cikin masu cewa kullewa ƙarancin tawakkali ne. Hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito ya zo da umarnin a rufe ƙofofi da dare a ambaci sunan Allah. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Annabi Yaƙubu, alaihis salamu, ya hori 'ya'yansa su shiga birni ta ƙofofi daban-daban, sa'an nan ya shaida musu cewa wannan ba ya tunkuɗe musu abin da Allah ya hukunta. Zamanin ma ya zo da dalilansa. Mutanen Daura ba su manta da daren 1 ga Mayu 2019 ba, lokacin da 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa bayan sallar magariba, ba a kuɓutar da shi ba sai bayan wata biyu, a Kano. Garin da aka yi wa haka a tsakiyarsa ba za a ce wa mutanensa su bar ƙofar mota a sake ba, ga kuma masu fizgar waya da jaka a cunkoson manyan birane, ga yaro mai ƙiriniya da ke wasa da duk abin da hannunsa ya kai. Wanda ya ƙago ƙofa mai kulle kanta ya lura da cewa ɗan Adam mai mantuwa ne, ya ɗauke masa wani nauyi, kuma wannan alheri ne da bai kamata a raina ba.

Sai dai ina tambaya, wane nauyi ne aka ɗauke? Wanda ya zura sakata da hannunsa ya yi abu uku lokaci guda: ya yi niyya, ya ambaci Allah in mai kiyaye sunna ne, ya kuma sani a ransa cewa yanzu akwai rai a bayan wannan ƙofa wanda fitarsa ta rataya a wuyansa. Na'ura ta karɓi motsin hannun, amma ba ta da inda za ta ajiye sauran. Masana fiƙihu sun sharɗanta hankali ga wanda za a wakilta, saboda haka mota ba ta zama wakiliyar direba, kayan aiki ce kurum, aikin kayan aiki kuwa ana jingina shi ga mai amfani da shi. Sun kuma rarrabe tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, kamar mai haƙa rami a kan hanyar jama'a wani ya zo ya faɗa, suka ce in babu wani mai hankali da ya shiga tsakani, to, lamuni yana kan mai sanadin. Tsakanin direba da ƙofar da ta datse babu wani mai hankali. Bilhasali, abin da na'urar ta rage shi ne tunawa, amanar kuwa tana nan da nauyinta kamar dā, har ma ta fi haɗari, domin amanar da mutum ya san yana ɗauke da ita ta fi wadda ya manta sauƙin kiyayewa.

Akan ce ai motar ta san abin da take yi, in an yi karo za ta warware kullen da kanta. Gaskiya ne an tsara motoci da yawa haka, in na'urar ta ji bugu mai tsanani, musamman wanda ya fasa jakar iska, sai ta saki ƙofofin. Amma ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi ya san bambanci tsakanin hukuncin hankali, wanda ba ya saɓawa, da hukuncin al'ada, wanda ke tabbata ta hanyar maimaituwa alhali saɓawarsa mai yiwuwa ce. In malaman tauhidi sun hana a ɗauki ƙunar wuta da yankan wuƙa a matsayin dole, ina ga wayar da ta yi shekara 20 tana shan zafi da ƙura, a cikin motar da wataƙila an taɓa yin haɗari da ita a wata ƙasa, aka cire jakar iskar aka ɗinke wurin, sa'an nan mai gyaran wayarin ya yanke nan ya haɗa can don ya sa mata na'urar tsaro? Bugun da ya lotsa gaba yana iya tsinke batir tun kafin umarnin buɗewa ya isa ƙofa. Wanda ya ce yana dogara ga Allah alhali bai san halin ƙofarsa ba, in ya binciki zuciyarsa da gaske zai tarar da cewa ga injiniyan da bai taɓa gani ba ya dogara. A nan ne kuma wasu ke yin kuskure na biyu, su ƙi ɗaura bel wai don kada ya tsare su a ciki, alhali wanda mota ta yi jifa da shi waje ya fi wanda ya zauna a kujerarsa kusa da ajali, abin da ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a 2003.

Kullen yara shi ne inda mas'alar ta fi zurfi. A babin da malaman Malikiyya ke kira hajaru, watau hana mutum sarrafa abin da yake nasa, an halatta a tauye yaro da mahaukaci da wawa mai ɓarnar dukiya, amma ba a taɓa halatta hakan ba sai da waliyyi wanda zai tsaya a madadinsu, domin hikimar hanin ita ce a sa hankali cikakke a gurbin wanda bai cika ba. Uban da ya ture ɗan harshen nan a ƙofar baya ya karɓe hannun ɗansa ne a kan sharaɗin shi zai zama hannun. Muddin yana zaune a gaba, sharaɗin ya cika, kuma ya yi daidai. Amma in ya tsaya a bakin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ya ce bari in shiga in fito yanzun nan, ya danna rimot ya juya baya, to, ya bar hanin ya tafi da waliyyin, abin da ya rage kuwa sunansa kurkuku. Kowa ya san ranar bazara a wannan yanki, inda zafi kan wuce awo 40 a watan Afrilu; mota mai rufaffen gilashi kan ƙara kamar awo 10 a kan na waje cikin minti 10, jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Kuma “yanzun nan” ta Bahaushe a kasuwa, inda za a gamu da aboki a gaisa a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, Allah kaɗai ya san tsawonta.

A watan Disamba 2021, a yankin Badagry ta Jihar Legas, an tarar da gawar yara 8 a cikin wata mota da aka ajiye. Sun shiga wasa, ƙofa ta rufe, ba su iya fita ba. Irin wannan labari ya maimaitu a wasu garuruwan ƙasar nan, kuma kusan kullum surarsa ɗaya ce, tsohuwar mota a kangon gida ko a bakin gareji, an bar ta a buɗe domin babu abin sata a cikinta. Ashe hukuncin yakan juya: motar da ba kowa a ciki ita ce wajibi a kulle, a kuma ɗauke makullin daga inda yara ke kaiwa. Wanda ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya lura cewa ba a ambaci duka ko yanka a cikin laifinta ba. Tsarewa ce tare da sakaci, a kan dabba.

Kulle na uku kuwa, mai kashe hannuwa biyu, an ƙago shi ne don dukiya. Malaman usulu, tun daga Imam Gazali har zuwa Shaɗibi, da suka lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kiyaye, sun sa rai a gaba da dukiya, saboda haka duk dabarar da za ta tsare rediyon mota ta hanyar da za ta iya halaka wanda aka manta a kujerar baya, lalle a yi hattara da ita. Waɗanda ba su karanta usulu ba ma hankali ya kai su nan, ko da yake sai da aka yi hasara. A Amurka, bayan yara 11 sun mutu a cikin but ɗin motoci a bazarar 1998, hukuma ta wajabta cewa daga Satumba 2001 kowace sabuwar mota mai but a sa mata abin buɗewa daga ciki, wanda galibi akan yi shi da roba mai haske a duhu. Wanda ke da 'yar Amurka ya ɗaga but ɗinsa zai gan shi yana reto. Yanzu kuma rigimar ta koma kan wasu motocin lantarki, waɗanda hannun ƙofarsu maɓalli ne mai aiki da wuta: a Satumba 2025 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta buɗe bincike a kan motocin Tesla kimanin 174,000, bayan ƙorafin iyaye da suka fita suka kasa buɗe wa 'ya'yansu, har wasu suka fasa gilashi. Irin waɗannan motoci za su iso mu, kamar yadda na gabansu suka iso, bayan sun tsufa. Garin Daura da aka aza harsashin jami'ar sufuri a cikinsa a Disamba 2019 bai kamata ya jira sai sun iso kafin ya fara wannan magana ba.

Saura baligi mai hankali. Alƙur'ani ya ba mu labarin ƙofofin da aka kukkulle a kan Annabi Yusufu, alaihis salamu, a gidan Azizu, da yadda ya ruga ya nufi ƙofa. Kuɓutarsa daga saɓo ta bi ta hanyar fita, kuma matar Azizu da ta kulle ta san haka, shi ya sa ta kulle. Hana mutum fita iko ne a kansa, ko da an yi shi da murmushi. 'Yan fashin nan na Abuja da Legas masu shigar motar haya, waɗanda ake kira wan cans, da wannan ikon suke aiki, fasinja ya shiga, ƙofa ta ƙi buɗuwa daga ciki. Ban ce direban da ya bar kullen yara a motarsa ta haya don kada a sauka ba a biya ba ɗan fashi ne, amma ya ɗauki wani haƙƙi da ba a ba shi ba, domin wanda ya biya kuɗin mota kujera ya yi haya, bai sayar da 'yancin sauka ba. Haka maigida da ya ɗauko surukarsa ko malaminsa a baya: ladabi ne, kuma fita haƙƙi ne, ya ce, “Baba, ƙofar nan takan kulle kanta in mun tashi, in kina son buɗewa ga abin da za ki tura,” ko ya ce, “Allah gafarta Malam, sau biyu ake ja.” Magana ce ta daƙiƙa kaɗan, amma ita ce ke mai da kullen ya zama da yardar wanda aka kulle.

Littafin Ahalari, wanda yara ke farawa da shi a makarantun zaure, ya koyar tun a shafinsa na farko cewa bai halatta mukallafi ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, in bai sani ba ya tambayi masana. A ganina wannan ya hau kan mai mota, masanin da zai tambaya a nan kuwa bakanike ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zauna a kowace kujera a ƙofar gidansa, a kulle, ya ja hannu ya ga abin da zai faru. Ya sa a kulle shi daga waje da rimot ya gwada fita, alhali mai makullin yana tsaye. Ya duba gefen ƙofofin baya. Ya nemo ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot ya san ramin da yake shiga. In kuma motarsa tana da hanyar sauya tsarin kullen, kamar yadda da yawa ke da ita, ya zaɓa da saninsa.

Wanda kuwa ya wuce ya hangi yaro a rufaffiyar mota, ya jiƙe da gumi ko ya fara lanƙwashewa, ba a ga mai motar ba, hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne a mazhabarmu, domin Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ɗora lamuni a kan wanda ya ga rai ko dukiya za su halaka, yana da ikon ceto, ya ƙi. Kunyar taɓa motar babban mutum ba uzuri ba ce. Ya tara jama'a su shaida, ya nemi abu mai tsini, ya nufi tagar da ta fi nisa da yaron, ya bugi kusurwarta, gama gilashin gefe a yawancin motoci yakan ruguje ya zama tsakuwa, na gaba kuwa an manne shi da roba a tsakiya, sai ya tsage ya ƙi faɗuwa. In an fito da yaron a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo. Kuɗin gilashin kuma, a nawa ra'ayin, yana kan wanda ya danna rimot ya tafi.